Sarkin da ya cinna wa ɗakin wasiƙunsa wuta

Ya 'yan uwa, yau a kan fuska biyu zan yi magana. Mutum ya ci tuwo a gidan wannan ya rantse shi nasa ne, ya wanke hannu ya shiga gidan abokin gabarsa ya sake rantsuwa. Wasunmu suna kiran wannan wayo.

Ni ban yi boko ba, kun sani. Labarin nan a bakin maƙwabcina na ji shi, Ticha Dzarma, wanda ya yi shekara talatin yana koyar da tarihi kafin ya zauna da mu a Umarari. Addininmu ba ɗaya ba, amma gindin bishiyar maina ɗaya muke shan iska. Na ce masa, "Ticha, mutanen da suka mutu shekara dubu uku, ina ruwana da su?" Ya ce, "Baba Malam, saurara tukuna. In na gama ba ka gane mutumin ba, ni zan sayi goron yau." Ni na sayi goron.

To, an yi wani mutum a zamanin Hittiyawa, masu mulkin ƙasar da yau ake ce wa Turkiyya har zuwa cikin Sham. 'Yan uwansa suka kore shi, ya isa fadar babban sarki ƙafa a tsage, ba shi da ko akuya. Babban sarki ya tufatar da shi, ya ba shi sarautar wani birni a bakin iyaka, mai ganuwa, mai alkama da zaitun. A garinsa sarki ne, a gaban babba bara ne. Kamar dai Lawan a ƙarƙashin Shehu.

Mutanen nan ba su da takarda. A kan ɗanyar laka suke rubutu da tsinken kara, su shanya a rana ta bushe. A kan irin wannan allo aka rubuta masa alkawari: maƙiyina maƙiyinka ne, kada ka aika manzo ga wani sarki, in ka ji mugun zance a kaina ka kawo mini. Sau uku a shekara ake karanta masa shi a ƙofar gari, jama'a na ji. Masu bautar gumaka ne fa, amma sun san nauyin rantsuwa.

A kudu akwai Fir'aunan Masar, shi da babban sarki ba sa ga maciji. Birnin mutuminmu yana tsakaninsu. Sai ya fara lissafi a zuci: in yaƙi ya tashi, wa zai ci? Ya aika wa Fir'auna wasiƙa a ɓoye, ya ce shi ƙura ne a ƙarƙashin takalminsa, ranar da rundunar Masar ta iso ƙofarsa a buɗe take. A makon nan kuma ya aika arewa, ya ce Masar na shirin kawo hari, a ƙaro masa dawaki. Fir'auna ya aiko zinariya, babban sarki ya aiko dawaki. Duk lokacin da wutar gaba ta so lafawa, sai ya hura ta da sabuwar wasiƙa.

Shekara goma sha biyu yana haka. Ana karanta alkawari, muryarsa ta fi ta kowa ƙarfi wajen amsawa.

Amsoshin Fir'auna kuwa bai yar ba. Ya jera su a ɗakin wasiƙu, don ranar da Masar ta ci yaƙi ya fito da shaidar cewa shi nata ne tun tuni.

Abin da bai taɓa sawa a lissafi ba shi ne ya faru. Manyan nan biyu suka gaji da binne samarinsu, suka yi sulhu. Ana cikin hirar sulhu, wani manzon Masar ya yi dariya ya ce, "Baranku na bakin iyaka ai namu ne mu ma, ya daɗe yana mana tayin ƙofarsa." Babban sarki ya tashi wakili ya je ya duba ɗakin wasiƙun birnin.

Labari ya riga wakili isowa da kwana uku. Mutuminmu ya kira tsohon magatakardansa, wanda hannunsa ya rubuta komai.

Tsoho ya ce, "Ranka ya daɗe, a kwashe su a zuba a kogi. Laka ce, ruwa zai mai da ita taɓo."

Sarki ya ce, "Su zo su tarar da rabin ɗaki wayam, in ce musu me? Ɓeraye ne suka ci? Gobara ce kaɗai ba a tambayar ta dalili."

"Ranka ya daɗe, rumbunan gari suna jingine da bangon. Kuma ita laka in ta ji wuta..."

"Tsoho, na tambaye ka rumbu? Tashi ka ba ni wuri."

Ya 'yan uwa, mai tsoron tonon asiri yana jin magana? Ba ya ji.

Da rana tsaka, maza suna gona, aka cinna wutar. Kaka ta wuce ba da jimawa ba, rumbuna cike suke. Iska ta taso. Kafin mata su kawo tulu na biyu, abincin shekara ya kama. Daga rumbuna wutar ta tsallaka unguwar masaƙa, daga nan ta shiga ta maƙera. Shi kuwa yana kan soro, ya zuba toka a ka, yana kukan da ya shirya tun safe. Yana cikin kukan ƙaryar aka zo aka ce masa ƙaramar 'yarsa ta je gidan mai saƙa mata zane, ba ta fito ba. Daga nan kukan ya zama na gaske, amma wa zai bambance?

Wakili ya iso, ya yi jaje yadda ya kamata. Sannan ya ce a kai shi kangon ɗakin. Ya caka sandarsa cikin toka, ya ji ƙarar abu mai tauri. Ya tona.

Ku mutanen Borno kun san jan bulo. Bulon da aka shanya a rana, damina biyu ta cinye shi. Wanda aka gasa kuwa, jikokin jikoki za su tarar da shi. Wuta ta ci katako, ta ci alkama, ta ci mutane, allunan nan kuwa ta gasa su jawur. Kowane harafi yana nan, har da hatimin Fir'auna.

A ƙofar gari aka karanta su, ɗaya bayan ɗaya. Masu ƙuna a jiki suna tsaye suna ji. Wata mata da ta rasa 'ya'ya biyu ba ta zage shi ba. Ta ce kawai, "Ashe don wannan ne." Ta zauna a ƙasa.

Al'adar Hittiyawa, in gari ya karya alkawari, kwashe mutanensa ake yi a kai su wata ƙasa su yi noma ga wasu. Aka ɗaure su jeri jeri, wanda ya sani da wanda bai sani ba. Mai saƙa me ya yi? Mai tallan mai me ta yi?

Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai. Mu a garin nan ba sai an ba mu labari ba. Mun ga shekarun da mutum ɗaya yake raɗa wa waɗannan da safe, ya raɗa wa waɗancan da yamma, unguwa guda ta biya. Wasu da suka fita da tabarma a ka har yau ba su dawo ba. Kuma ina duban sahun nan, ban ga alamar mun daina ba. Yanzu ma a waya ake yi, a kasuwa, a ofis, a tsakanin wa da ƙane. Kana goge saƙo kana cewa ya tafi. Mala'ikun da ke kafaɗunka fa, su ma ka goge nasu?

Ku ji abin da mutuminmu ya tashi da shi. Sarauta ta tafi. 'Yarsa ta ƙone. 'Ya'yansa maza uku aka raba su garuruwa uku, bai sake ganin ko ɗaya ba. Dawaki suka koma arewa, zinariyar ta bi su. Fir'aunan da ya yi wa tayin ƙofa bai aiko ko da gaisuwa ba. Birnin aka rushe ganuwarsa, ciyawa ta rufe kasuwarsa. Shi kuma ba a kashe shi ba, an bar shi da rai yana niƙa hatsi a gidan wanda ya taɓa tufatar da shi.

Allah ya kiyaye mu da harshe biyu. Allah kada ya kama unguwa da laifin mutum ɗaya. Amin.