Tsiro Mai Tulu a Reshen Ɗinya

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, mu ƙaru.

Biri ne da ɗinyarsa, da ita yake ci. Sai wani tsiro ya fito a reshenta, gindinsa kumbure kamar tulu, saiwarsa ba ta taɓa ƙasa. Cikin tulun duk ramuka ne, cinnaku sun tare.

Biri ya kira Dila, malamin daji, don ya faɗa masa dangin abin. Dila bai iya hawa ba, sai ya duba daga ƙasa.

Ya ce, "Duk abin da ya zauna kan bishiya ba saiwa a ƙasa, kauci ne. Ruwanta yake tsotsa. Cire shi."

Uwar cinnaku ta leƙo. "Allah gafarta malam, ko ɗigo ba ya sha. Shararmu yake ci, mu kwana cikinsa, mu kori tsutsa daga ganye. Hau ka gani."

"Baiwar Allah, karatu na yi, ba hawa ba."

Biri ya ɓanɓare tsiron ya jefar. Cinnaku suka kwashi ƙwansu suka tafi. Kafin damina ta raba, tsutsa ta cinye ganye, ɗinya ko ɗa ɗaya ba ta yi ba.

Biri, cikinsa na kuka, ya shafa inda tsiron ya zauna. Ɓawo lafiya lau, ko ƙwarzane babu.

Ya sake kiran Dila, ya ce, "Malam, ashe bai taɓa huda ta ba."

Dila ya shafa gemu. "To, da alama akwai ɗan gyara a littafin."

Har yau Biri na bin cinnaku yana ba su haƙuri. Da cizo suke amsawa.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu. Ba don Gizo ba, da na ce a gabana aka yi.