Jirgin Auta a Ɗakin Tela

Akwai wani mai gyaran kwamfuta, kowa Auta yake ce masa duk da furfura ta fara leƙo masa a gemu. Hannunsa na da kyau a aiki, wannan ba mai musu. Amma Allah ya haɗa shi da ciwo guda: ba a gaya masa magana. Kafin ka rufe baki ya ce, "Na sani."

Wannan "na sani" ɗin ce ta raba shi da yayansa. Lokacin da mahaifinsu ya kwanta ciwo, Yaya yana can wata ƙasa mai nisa wurin aiki. Ya bugo waya ya ce zai taso. Auta ya ce, "Kada ka wahalar da kanka, zazzaɓi ne, na sani." Kwana huɗu tsakani tsohon ya cika. Yaya bai tarar da komai ba sai tabarmar gaisuwa.

Shekara biyu ba waya, ba saƙo.

Mahaifin nasu makanikin jirgin sama ne. Tun suna yara yake kai su bakin shingen filin jirgi, su tsaya suna kallo har wuya ya ƙage. To ran nan sai ga saƙon Yaya, ko gaisuwa babu. Sunan wani wasan kwamfuta ne kawai, irin wanda mutum ke zama a ɗaki ya tuƙa jirgin yaƙi kamar gaske, sai layi ɗaya a ƙasa: "Asabar, huɗu da rabi. Ina neman mai tsare min baya."

Kada wani ya ce min wasan yara ne. Wanda ya rasa ƙofa, ko taga ya samu ta nan zai shiga.

Haka suka fara. Duk Asabar Yaya a gaba, Auta a baya yana kore masa jiragen abokan gaba. Ba sa hira. "Dama." "Hagu." "Ina bayanka." Iyakarta ke nan. Amma Auta tun daga Laraba yake fara duba agogo.

Wata shida yana yi a kan ɗan teburin falo, lafiya lau. Sai zuciya ta ce masa ai wannan bai dace da mai gyaran kwamfuta ba. Ya sayo sandar tuƙi mai nauyi, da totur na hannun hagu, da feda biyu na ƙafa, da allo mai faɗin ƙofa. Akwai kuma wata hula mai 'yan fitilu uku ƙanana, da ƙaramar kyamara da ake ɗorawa a saman allon. Kyamarar tana bin fitilun nan ne. In ya juya kai dama, hoton ya juya dama, ya ga abin da ke gefen jirginsa.

Kaya sun zo, falo ya yi kaɗan. Sai ya kalli ɗakin ɗinkin matarsa.

Matar tela ce, Tela ma ake kiranta. Shekara tara tana ɗinki a ɗakin nan. Ya ce ta koma baranda, ai iska ta fi kaɗawa. Aka fitar da keke, aka fitar da buhun ƙyalle. Babban madubin da masu gwada kaya ke duba kansu ya ƙi samun wuri a barandar, sai ya tura shi bangon baya, can bayan kujerarsa.

Tela ta ce, "Maigida, madubin nan fa kada ka bar shi a nan. Da yamma..."

"Na sani," in ji shi. Ya rufe ƙofa.

Asabar ta farko a sabon ɗaki, minti goma sha biyar komai sumul. Can sai hoton ya fizge. Sama ta koma ƙasa, ƙasa ta koma sama, yana kallon gaba allo na nuna masa kujerar jirgi. Kafin ya dawo hayyacinsa ya afka wa jirgin Yaya ta baya, duk suka tarwatse.

Yaya ya ce, "Me ya faru?"

"Waya ce ta yi sako-sako. Zan gyara."

Ya canza wayar. Ya gwada da safe kafin ya tafi shago, lafiya. Ya gwada bayan ya dawo, rana ta faɗi, lafiya.

Asabar ta biyu, yana bin wani jirgin abokan gaba, yatsa a kan kunamar harbi, hoton ya sake fizgewa. Harsashinsa duk a fiffiken Yaya ya ƙare.

Wannan karon Yaya bai tambaya ba. Kashe wasan kawai ya yi.

Daga nan Auta bai ƙara zama wuri ɗaya ba. Ya kwance kwamfutar ya hure ƙura. Ya ƙara mata fanka biyu har ɗakin ya koma kamar injin niƙa. Ya ce katin hoto ne, ya cire ya sa wani. Ya goge komai ya sake zubawa. Ya rage kyan hoton har gajimare ya koma kamar tsumma. Ya kira masu intanet ya wanke su tas, alhali ba su ci ba, ba su sha ba. Abinci a tsaye yake ci. Kwastoma ya kawo gyara, ya karɓa ya manta inda ya ajiye. Cikin magana sai ya miƙe ya ce, "Ko dai fedar ce?" ya bar mutum da baki buɗe.

Kuma duk gwajin da ya yi, abin lafiya yake. Wannan ya fi komai cin ransa. Ciwon da ke ɓuya in likita ya zo, ai ya fi wuyar magani.

Tela tana baranda tana ji. Ranar Alhamis ta tare shi a ƙofa, almakashi a hannu.

"Kyaftin, in tambaye ka mana. Ƙarfe nawa abin yake maka?"

"Ke kuma ina ruwanki da ƙarfe nawa?"

"Ihunka nake ji. Sau biyu duk biyar saura kwata. Ni da na san ɗakin nan..."

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Kwamfuta ce fa, ba hannun riga ba. In zare ya harɗe zan kira ki."

Ta dube shi sama da ƙasa. "To. Allah ya ba da sa'a, Kyaftin." Ta koma kan kekenta, ta taka shi da ƙarfin da bai kamata ba.

Asabar ta uku ta fi muni. Jirage biyu suka biyo Yaya. Yana kira, "Auta, suna bayana! Auta!" Shi kuwa Auta allonsa na ta juyi kamar an ɗaure shi a fanka, ko inda yayan yake bai gani ba. Aka harbo Yaya.

Auta ya gyara abin kunnen da suke magana da shi. Sannan Yaya ya yi magana a hankali.

"Na kira ka, ka bar ni ni kaɗai."

"Yaya, wallahi na'urar ce..."

"Kai ne fa mai gyaran na'ura. Wata shida ba ta yi ba, sai yanzu? In ka gaji da ni, ka faɗa da baki. Asabar mai zuwa zan zo. In an maimaita, na fahimta, ba sai an ƙara ba."

Satin nan Auta ya rame. Ya sayo sabuwar kyamara. Ya ari hular wani. Ya mayar da tsohuwar sandarsa, ya cire, ya sake mayarwa. Ya rubuta duk abin da ya gwada a takarda, layi ashirin da uku, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana sokewa. Abu ɗaya ne bai shiga takardar ba, wato maganar matarsa.

Asabar ta zo. Tun ƙarfe uku yake kan kujera. Ya tashi ya taɓa waya, ya zauna. Ya tashi ya saurari fanka, ya zauna.

Huɗu da rabi suka tashi. Yaya ko "dama" bai ce ba. Huɗu da minti arba'in, jiragen abokan gaba suka ɓullo daga nesa kamar ƙudaje. Auta ya damƙe sandar tuƙi.

Hoton ya ɗan yi rawa. Ya tsaya. Ya sake rawa.

Ya saci kallon agogo. Biyar saura kwata.

A nan ne maganar ta faɗo masa kamar dutse. Wa ya faɗi wannan lokacin? Ba takardarsa ba.

"Tela!" Keken ɗinki na ta ƙara a baranda. "Tela! Don girman Allah!"

Keken ya tsaya. Ta buɗe ƙofa, awo rataye a wuya, ta jingina da bango ta harɗe hannu.

"Zare ne ya harɗe?"

"Don Allah ki bar wannan. Me kika gani? Ban sani ba. Wallahi ban sani ba, ki gaya min."

Ta ɗan tsaya, don kalmar baƙuwa ce a bakinsa, sai da ta tabbatar kunnenta ya ji daidai. Sannan ta nuna da haɓa.

"Dubi saman allonka."

Ya ɗaga ido. Wani haske fari tas, kamar faɗin tafin hannu, ya sauka daidai kan idon kyamarar.

"Shekara tara da hasken nan nake zura zare a allura," in ji ta. "Biyar saura kwata rana ke shigowa ta tagar can. Da bango take duka. Kai ka kawo madubi ka tare ta, shi kuma ya watso ta nan. Ni ban san kan na'urarka ba, amma ko mutum aka haska wa wannan a ido sai ya ruɗe."

Auta ya gane nan take. Kyamarar fitilu uku take nema, ga rana ta zo ta zama na huɗu, ta fi su duka haske. Da safe babu ita, bayan faɗuwar rana babu ita. Sai Asabar, ita kaɗai ce ranar da yake gida a wannan lokacin.

Allon ya fara juyi. Yaya ya yi kira, "Suna bayana."

Tela ba ta jira an roƙe ta sau biyu ba. Ta zare yadin da ke kafaɗarta, na wata kwastoma ne ma, ta yafa wa madubin. Hasken ya ɗauke. Hoton ya tsaya cak kamar an dafa shi.

Auta ya juya kai, ya ga yayansa can ƙasa ta hagu, jirgi ɗaya manne da wutsiyarsa. Ya tura totur har ƙarshe, ya kwanto da sanda, ya faɗa musu. Bai ma harbo kowa ba. Amma ya shiga tsakani, na bayan ya tsorata ya kauce.

"Ina bayanka, Yaya. Ina nan."

Sai ya ji wani sauti a abin kunne da ya shekara biyu da rabi bai ji ba. Dariya. Ashe duk abin nan makirfo a buɗe yake, Yaya ya ji komai tun daga "zare ne ya harɗe."

"Madubi?" in ji Yaya, yana tari don dariya. "Sati uku kana kashe ni saboda madubi? Ƙanwata tana kusa? Ce mata ta karɓi sandar, kai ka koma kan keke."

Tela ta sunkuyo kusa da makirfon. "Ina wuni, Yaya. Ai ba zai iya ba, ɗinki sai mai jin magana."

Suka juyo da jirage gida. Filin sauka ya bayyana a gaba. Auta ya matso da makirfon bakinsa.

"Yaya."

"Na'am."

"Ranar ciwon Baba ma ban sani ba. Cewa kawai na yi na sani."

Ba abin da ake ji sai kukan injin. Tela ta fita a hankali ta ja ƙofa. Filin na ta matsowa, Auta ya ɗauka shi ke nan, Yaya ya kashe wasan.

Can Yaya ya ce, murya a dishe, "Sauke tayoyinka, Auta. Tare za mu sauka." Da jiragen suka tsaya ya ƙara da cewa, "Gobe zan kira ka, ka ɗauki waya. Ba ta wasa ba."

Washegari da safe maƙwabta suka ga Auta yana nishi, ya rungumo keken ɗinki daga baranda. Tela na tsaye tana nuna masa inda ƙafafun keken suka yi shekara tara, har gurbinsu na nan a daɓe. Madubi ya koma bangonsa na asali. Kayan jirgi aka matsa da su lungu guda.

"Ɗakin nawa ne," ta ce masa. "Asabar daga huɗu zuwa shida na ba ka aro. Ka ji?"

Ya buɗe baki, tsohuwar kalmar ta zo har kan harshe. Ya mayar da ita.

"Na ji," in ji shi.

Wayarsa ta fara ƙara a aljihu.

Darasi: Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Kome iliminka, akwai abin da na kusa da kai ya gani kai ba ka gani ba, kuma "ban sani ba" ba ta taɓa kashe kowa ba, "na sani" ce ke raba 'yan'uwa. Ku tura wa duk wani mai saurin cewa ya sani. In ya ce ai ya san labarin, to shi ɗin ake nema, ku sa shi ya karanta har ƙarshe.