Kurmin Turstan

A can baya, tun hayaƙi bai san sararin arewacin Ingila ba, akwai wani kwari mai duhun itatuwa da kyarketai suka mallake. Makiyaya bakwai ne kawai suka kafa bukkoki a bakinsa, kuma kowane hunturu sai sun rasa rabin tumakinsu.

Shekarar da suka ɗaure kaya za su tashi, sai ga wani maharbi mai suna Turstan ya sauko daga tsaunuka. Turstan mai kunnen daji, dodon masu haƙori! An ce yana jin takun dabba a kan dusar ƙanƙara tun tana bayan dutse.

Tsohuwa Aldit, shugabar makiyayan, ta tare shi ta ce, "Ɗana, in ka raba mu da su, ka faɗi ladanka da bakinka."

Shekara tara yana farauta. Tumaki suka yaɗu, mata suka kafa masaƙa a bakin rafi, baƙi suka yi ta zuwa sayen ulu. A shekara ta goma ya bi sawun kyarkeci na ƙarshe har tsakiyar kurmi. Ya tarar da tsohuwar mace ce, ido ɗaya, ta kwanta tana kallonsa, ko gudu ba ta yi ba. Ya daɗe da baka a ɗane kafin ya saki kibiya. Da ta mutu, dajin ya yi shirun da bai taɓa ji ba, har ƙwalla ta zubo masa.

Ya koma ya ce wa Aldit, "Inna, ba na son tunkiya ko azurfa. Kurmin nan kawai za ku bar mini. Kada gatari ya shige shi har abada."

Ta rantse, jama'a suka rantse. Turstan ya rataye bakansa, ya ƙare kwanakinsa a gindin itatuwan, can aka binne shi.

Ƙarnuka suka shuɗe. Rugar ta zama birnin Turstanli, mai masaƙu arba'in na jan bulo, da dogayen bututun hayaƙi, da hanyar ruwa da jiragen dakon gawayi ke bi. Wani attajiri ya taɓa aiko masu sara su sare kurmin don ya faɗaɗa masaƙarsa. Da safiyar ranar, masu saƙa dubu uku suka kashe injuna, suka kewaye kurmin hannu cikin hannu, har ya janye.

Yau injunan sun yi shiru. Babbar masaƙa ta koma gidan tarihi, bututunta ya zama masaukin tsuntsaye. Amma kurmin na nan a tsakiyar gari, bayan tashar jirgin ƙasa. Tsofaffin masu saƙa kan zauna a inuwarsa da hantsi, suna tuna ƙarar injin da ta kurmantar da su. Ko reshe ne iska ta karya, a nan ake barinsa ya ruɓe. Ba mai ɗauka.