Turancin Gizo da Haƙoransa Uku

"Ku matso, ku bar ture-ture. Ga ta nan, ga ta nanku."

"Ta zo mu ji ta, Iya!"

Wata rana Gizo ya bi ta bayan makarantar boko, ya ji yara na rera karatu. Malaminsu na koya musu rabe-raben kalmomin Turanci ne guda takwas, mai kiran suna, mai faɗin aiki, da sauransu. Gizo ya maƙale a taga, ya haddace sunayen kawai, ya diro abinsa. Kunkuru kuwa shekararsa uku a ajin nan, a bencin baya, yana koyon haɗa kalma da kalma.

Gogan naku ya shiga gari yana hura hanci. Ka ce masa ina kwana, sai ya ce, "Nawun, furonawun!" Ka ce ina gajiya, ya ce, "Bab, adbab!"

"Iya, ba haka ake faɗi ba."

Kai Sagiru, mijin banza, ni ke tatsuniyar ko kai? Yi mini shiru.

Ana nan sai ciwon haƙori ya kama Gizo, turmin can na ƙurya. Kunci ya kumbura kamar ya cusa goriba. Matarsa Ƙoƙi ta ja shi wajen Likita Shamuwa, wadda ta daɗe a ƙetaren teku har Hausa ta ɓace mata, sai Turanci. A bakin ƙofa suka tarar da Kunkuru.

Kunkuru ya ce, "Sannu Malam Gizo. In shiga in yi maka tafinta?"

Gizo ya ce, "Ni? Tafinta? Ɗan bencin baya, matsa!"

Ƙoƙi ta ce, "Maigida, to ko ka nuna wa likita haƙorin da yatsa."

Ya ce, "Nuni na jahilai ne."

Ya hau kujera. Likita ta tambaye shi wane haƙori ne. Gizo ya gyara murya, ya ce, "Nawun, furonawun!" Likita ta karkata kai, ta ce a ranta zafi ne ya ruɗa shi. Ta sa dogon bakinta ta ƙwanƙwasa haƙorin gaba, ta dube shi. Gizo bai san me ake tambaya ba, sai ya gyaɗa kai irin na manya. Fit! Ta cire.

Wayyo! Ciwo na nan daram. Ƙoƙi ta ce, "Maigida, a kira Kunkuru." Ya ce, "Kul!" Likita ta sake tambaya. Ya ce, "Bab, adbab, ajektif!" Ta ƙwanƙwasa na kusa, ya gyaɗa kai. Fit! Na biyu ya tafi.

Kai, wannan taurin kai yana ba ni haushi, wallahi. Ƙoƙi har ta fara kuka. Gizo ya tattaro ragowar iliminsa, ya zazzage wa likita: "Firifozishin, kwanjankshin, intajekshin!" Fit! Na uku.

Karatu ya ƙare, ciwo bai ƙare ba. Gizo ya ga likita ta sake miƙo baki, sai ya ƙwala ihu da Hausar uwarsa, "Kunkuyu! Kunkuyu, ka yi mini yai!"

Kunkuru ya shigo taƙas-taƙas, ya tambayi Gizo inda ke ciwo, ya juya ya faɗa wa likita da kalmomi huɗu kacal. Ta cire ruɓaɓɓen turmin, ciwo ya lafa nan take.

Gizo ya tattara haƙoransa uku masu lafiya a tafin hannu, ya buɗe baki zai yi godiya, iska ta bi ta giɓin. Ya ce, "Na gode, Mayam Kunkuyu." Tun daga ranar bakinsa bai sake daidaita ba, shi ya sa har gobe Sarki ma "Shayki" yake ce masa.

To, kun ji. Haddace sunayen abu ba shi ne iya shi ba. In ba ku gane ba ku ce ba ku gane ba, tun haƙoranku na bakinku.

Ƙungurus kan ɗan kusu, na sauke ta nan.