Layin Ƙarshe a Bangon Jami'a

Akwai wani manomi wanda gonarsa ke maƙwabtaka da wata jami'a. Bai taɓa shiga aji ba, gama tun yana ƙarami aka ba shi sandar kiwo. Ya tsufa da marmarin karatu a ransa. In ya hangi ɗalibai rungume da littattafai, sai ya jingina da fartanya, ya bi su da ido har su ɓace.

Wata shekara shugabannin jami'ar suka ce za su gina babban ɗakin karatu, don makarantarsu ta shiga sahun gaba. Suka yi shela cewa duk wanda ya ba da gudummawa, za a rubuta sunansa a bango.

Manomin ya ce a ransa, "Ni ban shiga ba, amma bari sunana ya shiga."

Ba shi da abin hannu, sai jaki. Rani guda yana jido musu yashi daga rafi, bai karɓi ko sisi ba.

Aka gama gini, jami'ar ta yi suna, aka yi biki. Aka jera sunaye a bango, manyan masu bayarwa a sama, ƙanana a ƙasa, gama 'yan Adam ko a wurin kyauta sai sun yi tsere. Manomin ya san nasa ne mafi ƙanƙanta, saboda haka ya ɗauka layin ƙarshe sunansa ne. Kowace ranar kasuwa sai ya ratse, ya tsuguna, ya shafa layin nan da yatsa, zuciyarsa fara fat.

Ran nan wata malamar jami'ar ta tarar da shi a tsugune. Ta ce, "Baba, lafiya?"

Ya ce, "Lafiya lau, 'yata. Don Allah karanta mini sunana, in ji yadda yake a bakin masu ilimi."

Ta duba. Ba ta so ta yi wa dattijo ƙarya, sai ta ce, "Baba, abin da aka rubuta a nan shi ne, 'da sauransu'."

Ya janye yatsansa a hankali. Abin ya yi masa zafi ƙwarai. Can ya ce, "Ashe muna da yawa." Ya miƙe, ya kama hanyar gida.

Ma'anar wannan misali ita ce: bangon nan shi ne yabon duniya, wanda yake da sama da ƙasa, kuma wuri yakan ƙare kafin a zo kanka. Manomin kuwa mu ne. Wa ke nan da bai taɓa jin ƙishin a kira sunansa ba? Ke da kike share majami'a kafin kowa ya iso, kai da ka sayar da akuya don ɗan wani ya yi karatu, na san wannan ƙishin, kuma ba zunubi ba ne. Kuskuren dai shi ne kai shi rijiyar da ba ruwa. Ku ci gaba da bayarwa, ko an rubuta ko ba a rubuta ba, gama Ubanmu na sama ya ga kowane mangala na yashi. A littafinsa ba wanda ake kira "da sauransu". Ran da za a buɗe shi, mai jakin nan zai ji an kira sunansa cikakke, zai kuwa amsa.