Gonar Inna Laraba

To, ku gyara zama ku ba ni kunnuwanku. Wannan ba ta dariya ba ce, ni kaina duk lokacin da na ba da ita sai raina ya ɓaci.

A ƙauyen Kwarin Maje an yi wata tsohuwa, kowa Inna Laraba yake ce mata, amma sunanta na yanka Sakinatu. Mijinta ya daɗe da rasuwa, yanar ido ta rufe mata gani, kuma abin da ta mallaka a duniya bai wuce 'yar gona ɗaya a bakin rafi ba. Daga gonar nan gidan yake cin tuwo, ita da ɗanta Tukur da matarsa Hansatu da 'ya'yansu.

Wata shekara da rani aka aiko ma'aikaci daga ofishin tallafi, Malam Badamasi, ya ɗauki sunayen marasa ƙarfi. Ya iso Tukur ya tafi cin rani, tsohuwa kuma tana kwance, zazzaɓi ya hana ta ko ɗaga kai. Hansatu ce ta tsaya a bakin zaure. Ya tambayi suna, ta ce Inna Laraba.

Ya ce, “Na yanka nake nufi.”

Ta sunkuyar da kai. “Haba Malam! Sunan surukata, a bakina? Ai ko mutuwa zan yi ba zai fito ba.”

Ya rubuta Laraba, ya shiga ya ɗauki hoton tsohuwa, ya wuce. Da Hansatu ta noƙe a ɗaki ranar nan, da tallafin ya tsallake gidan. Amma da ta aika a kira maƙwabci ya faɗi sunan, da ba a kai ga abin da aka kai ba.

Tukur ya dawo. Kafin ma ya isa gida ya ji labarin tallafi a tasha, ya zarce ofis da katin zaɓen uwarsa da yake ajiyewa a aljihu, ya sa aka rubuta Sakinatu. Da aka fara biya sai ga katin tallafi biyu a gida ɗaya. Nan take Tukur ya gane abin da ya faru, amma ya ja bakinsa ya yi gum. Tsohuwa ta tambaye shi, “Tukur, wannan abu bai yi yawa ba?” Ya ce, “Inna, gwamnati ce ta ƙara.” Ƙarya tsagwaronta, ga uwar da ta haife shi! Sai dai kada in zalunce shi, ko goro bai saya da kuɗin ba. Tarawa ya yi ya kai ta asibiti aka cire mata yana, matar da ta shekara tana laluben bango ta koma tana zura zare a allura.

Shi kuwa Badamasi, shi ya karɓi sunan na biyu da hannunsa. Ya ga hoton da ke jikin katin zaɓen, ya shaida fuskar, ko shakka bai yi ba. To amma bisa yawan mutanen da ya rubuta ake ba shi ladan aiki, don haka ya yi kamar bai gani ba. Tir! Duk da haka shi kaɗai ne cikin ma'aikatan ya yarda ya tura babur cikin yashi har Kwarin Maje, sauran a gindin bishiyar ofis suke zama su cika takardu da sunayen danginsu.

Ana nan, aka zo tantancewa daga sama, asiri ya tonu. Wa kuke tsammani aka turo karɓar abin da aka biya fiye da kima? Badamasin dai, da ɗan sanda a bayansa, yana ta muzurai sai ka ce bai taɓa shan ruwan gidan ba.

Ya ce, “Iya, kin ci rabon mutum biyu. Ko a mayar, ko a tafi da ɗanki.”

Tsohuwa ta dube shi da idon da aka gyara mata. Ta ce, “Yaro, ni ban san hawa ba, ban san sauka ba. Abin da aka ba ni na karɓa, na yi godiya. Yau kuma ni ce ɓarauniya?”

Ya kau da kai, ya ce shi ma aikinsa ne ke cikin haɗari, yana da bakuna bakwai a gida. Hansatu tana kuka tana cewa ita ladabi ta yi. Tukur ya ce ko gobe aka sake ba shi dama, idon uwarsa zai zaɓa. Kowa da hujjarsa, wallahi, amma babu wanda ya zura hannu a aljihu.

Ita da ba ta rubuta ba, ba ta ɓoye ba, ba ta rufe ido ba, ita ta biya. Don kada a ɗaure mata ɗa, ta jinginar da gonar ga wani mai hali na garin. Aka kai wa ofis kuɗinsu, aka kuma soke sunayen duka biyun, har na halak ɗin. Kun ji zalunci!

Da ruwan shuka ya sauka, tsohuwa ta manta, ta ɗebi iri a ƙwarya kamar yadda ta saba ta nufi bakin rafi. Ta tarar da barorin mai hali sun riga ta, suna shuka. Ta daɗe a tsaye a kan iyaka tana kallonsu, tar take ganin komai. Sannan ta juyo gida, ta ba Hansatu irin ta ce a surfa a yi kunu, yara ba su karya ba.

To jama'a, gona tana hannun wani, kuma ba za ta dawo ba sai an fanso ta. Tsakanin Hansatu da Tukur da Badamasi, wa za ku kama ya fanso wa Inna Laraba gonarta?