Gizo da Kiɗan Ɓauna

"Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina."

"Ta zo mu ji ta, Iya."

"To, ku gyara zama. Wanda ya san zai tashi kafin ƙarshe, ya tashi tun yanzu."

A wani gari na namun daji, can bakin fadama, akwai wani tsohon makaɗi, Damo. Shi ne Sarkin Kiɗa. Kowace shekara, idan an gama kai hatsi rumbu, ɓaunaye sukan fito daga kurmi su yi wasan ƙaho a filin bayan gari. Filin nan fetal yake, babu itace ko ɗaya, sai wani suri a tsakiya. A kan surin Damo yake zama da gangarsa. Yakan yi ta kaɗawa har ɓaunaye su tsumu, su yi ta karo da juna ƙasa tana girgiza, daga baya su huce su koma kurmi. Ladan makaɗi kuwa tulun zuma ne da babbar riga.

A garin akwai Gizo da matarsa Ƙoƙi. Gizo ya tsinci tsohon turmi a juji, ya rufe bakinsa da fatar akuya, ya fara bugawa a bayan ɗaki. Ba wanda ya koya masa, amma Allah ya ba shi hannu. In ya kaɗa a dandali, 'yan mata sukan ajiye tallarsu, tsofaffi su riƙa gyaɗa kai ba su sani ba.

Rannan Damo ya tsaya ya saurare shi, ya ce, "Gizo, hannunka ya fi nawa zaƙi. Zo ka riƙa ɗaukar mini ganga, ka zauna gabana, in nuna maka abin da na sani."

Gizo ya ce, "Baba Damo, wa ya koya wa kanari kuka?"

Suka sake haɗuwa a kasuwa, Damo ya sake kiransa. Gizo ya ce, "Kunnena ya ishe ni. Abin da na ji sau ɗaya, na iya shi."

Suka kuma haɗuwa a bakin rijiya, Damo ya ce, "Har yanzu ƙofata a buɗe take."

Gizo ya ce, "Baba, in na zauna gabanka, hannuna zai tsufa irin naka."

Damo sarkin haƙuri ne. Ya ce, "Allah ya sa mu dace," ya wuce.

Da wasan ƙaho ya matso, sai zumar nan ta shiga ran Gizo. Ya san Damo yakan gwada kiɗan ɓauna a gidansa da hantsi, a gindin tsamiya. Sai ya hau tsamiyar, ya sako zarensa, ya yi lilo a cikin ganye yana saurare.

Ranar farko ya ji kiɗan kira, wanda ke fito da ɓauna daga kurmi. Ya haddace shi tsaf. Sai ya jiyo ƙanshin ɗanwaken Ƙoƙi, ya naɗe zare ya tafi.

Rana ta biyu ya ji kiɗan tsuma. Kiɗa ne mai zafi, har shi kansa Gizo ya ji ƙafafunsa suna rawa a kan zare. Ya haddace shi, ya ruga gida ya gwada.

Rana ta uku ya dawo. Damo ya yi kira, ya yi tsuma, sai kuma kiɗan ya sauya. Ya yi sanyi, ya riƙa tsallake bugu, kamar mai gyangyaɗi. Can ma ya ajiye gula, wato sandan kiɗa, ya koma shafa fatar da tafin hannu.

Gizo ya toshe baki yana dariya. Ya ce a ransa, "Wayyo tsufa! Hannun tsoho ya mutu, ko gula ba ya iya riƙewa." Ya naɗe zarensa ya tafi, bai tsaya ya ji sauran ba.

Ƙoƙi ta ce, "Maigida, ka dai ji har ƙarshe?"

Ya ce, "Ke, ƙarshen kiɗa ai ajiye gula ne. Shi ma sai an koya? Ki wanke akushi kawai, zuma tana tafe."

Ranar wasa, da sassafe, Gizo ya je ya yi sallama da Damo. Ya ce, "Baba, Sarkin Ɓauna ya aiko ni. Bana an mai da wasa Tudun Ƙirya, can ƙetaren fadama." Damo ya rataya gangarsa, ya kama hanya a hankali, irin tafiyarsa.

Gizo ya garzaya bakin kurmi, ya faɗi gaban Sarkin Ɓauna. Ya ce, "Ranka ya daɗe, Damo yana kwance ba lafiya. Ni ya wakilta."

Sarkin Ɓauna ya sauko da ƙaton kansa ya dube shi. Ya ce, "Ya koya maka duka?"

"Har da abin da bai sani ba, ranka ya daɗe."

"To ka sani, ƙaramin makaɗi, in kiɗan nan ya hau kanmu, ba mu san uwa ba, ba mu san ɗa ba."

Gizo ya ce, "Ai shi ne daɗin wasan."

Jama'a suka taru can nesa a gefen fili. Gizo ya haye suri da turminsa, ya saki kiɗan kira. Gidim, gidim, gin-gin-gidim! Ɓaunaye suka fito daga kurmi baƙi ƙirin, suka cika fili. Ya juya zuwa kiɗan tsuma. Kai, jikokina, ko Damo bai taɓa kaɗa shi da zaƙi haka ba. Idanun ɓaunaye suka yi jawur, suka shiga karo, ƙaho yana haɗuwa da ƙaho kamar tsawa. Jama'a suka ɗauki shewa, "Sai Gizo! Sai Gizo!"

Da rana ta take tsaka, Gizo ya ga ya isa haka, zuma ta halatta. Ya ɗaga gula, ya tsaya cak.

Fili ya yi tsit. Ɓaunaye suka daina karo. Duk suka juyo a tare, suka zuba wa suri jajayen idanu. Suka tako gaba.

Gizo ya yi maza ya ci gaba da kiɗa. Suka koma karo, amma yanzu sun kewaye surin.

Ya ce a ransa, "Bari in sanyaya musu rai da kiɗan dandali." Ya saki kiɗan da 'yan mata suke so. Sarkin Ɓauna ya yi wani irin ruri, ya kai wa suri ƙaho, gefe guda ya zube. Suka ƙara matsowa. Gizo ya yi maza ya koma kiɗan tsuma.

Ya ce, "To bari in yi irin na tsoho mai gyangyaɗi." Ya sassauta hannu gaba ɗaya. Amma bai san inda ake tsallake bugu ba, bai san inda ake riƙewa ba. Ɓaunaye suka ji kiɗansu yana zamewa, suka haukace. Suka matso har yana jin hucin hancinsu a fuskarsa, mai zafi kamar bakin murhu.

Gizo ya duba sama, babu reshen da zai jefa wa zare. Ya duba ƙasa, kofato ne ko'ina. Ya ci gaba da kiɗa.

"Iya, ya gudu mana!"

"Ta ina, Lantana? Ki dai saurara."

Hannun Gizo na farko ya gaji, ya mai da gula na biyu. Na biyu ya sage, ya mai da na uku. Kun san ƙafafunsa takwas ne, to ɗaya bayan ɗaya suka riƙa mutuwa. Azahar ta wuce. Sai ya ji wani ɗan sauti, tsit, a ƙarƙashin gula. Ya duba. Fatar akuyar nan ta fara tsagewa a tsakiya. In ta fashe, kiɗa ya tsaya. In kiɗa ya tsaya, kun san sauran.

Ƙoƙi tana cikin jama'a, ta ga mijinta ya daina murmushi tun ɗazu. Ta buɗe fiffike ta nufi Tudun Ƙirya. Ba ta yi nisa ba ta tarar da Damo a hanya, ya riga ya juyo.

Ta faɗi gabansa. "Baba, ka yi wa Allah! Ƙarya ya yi maka, amma za su tattake shi!"

Damo ya ce, "Tun da na jiyo kira daga bayana na san abin da ya faru. Tashi, 'yata. Ki roƙi Allah fatar ta jira ni."

Ashe Damo yana da rami daga gefen fili har cikin surin, ta nan yake shiga kowace shekara. Ya ajiye gangarsa ya shige. La'asar ta yi, hannu biyu kaɗai suka rage wa Gizo, sai ya ji ƙasa tana motsi kusa da shi. Kan Damo ya ɓullo.

Gizo ya ce, "Baba! Matsa in shige ramin!"

Damo ya cika bakin ramin da jikinsa. Ya ce, "In ka gudu, za su rushe surin a kanmu, su wuce cikin gari. Kar hannunka ya tsaya."

"To karɓi gula!"

"Ba za su ji ni ba. Hannun da ya ɗora, shi ke saukewa."

"To koya mini!"

Damo ya ce, "Wa ya koya wa kanari kuka?"

Gizo ya fashe da kuka. "Baba, kanari bai taɓa kaɗa wa ɓauna ba! Na tuba, na bi Allah na bi ka!"

Fatar ta ƙara cewa tsit.

Damo ya ce, "Kiɗan nan gida ne mai ƙofa biyu. Ka shiga ta ɗaya, ba ka tambayi ɗayar ba. Daina kallon hannunka. Dubi ƙafar Sarkin Ɓauna ta gaba. Duk sa'ad da ta taɓa ƙasa, buga. Sai ka bi shi tukuna, kafin ya bi ka."

Gizo ya zuba wa kofaton ido. Ya taka, ya buga. Ya taka, ya buga. Can sai ya ga kamar kofaton ne yake jiran gula.

Damo ya ce, "Yanzu ka riƙa barin bugu na huɗu. Kar ka cike gurbinsa da komai. A nan suke numfashi."

Gizo ya buga uku, ya bar ɗaya. Ya ji ɓaunaye sun ja numfashi a tare, fuu. Ya buga uku, ya bar ɗaya. Suka sake. Kawunansu suka fara sauka.

Amma hali zanen dutse. Da Gizo ya ga abin yana tafiya, sai hannunsa ya yi ƙaiƙayi, ya jefa wani ɗan kwalliyar bugu a cikin gurbin. Nan take Sarkin Ɓauna ya ɗago kai, idonsa ya sake yin ja, ƙahonsa ya tsaya daidai cikin Gizo.

Damo ya gantsara masa cizo a ƙafa. "Na ce ka bar gurbin!"

Gizo ya haɗiye ihu. Ya buga uku, ya bar ɗaya. Ya buga uku, ya bar ɗaya. Ƙahon ya daɗe a wurin kafin ya janye.

Damo ya yi ƙasa da murya. "Ajiye gula a hankali. Koma gefen fata, inda ba ta tsage ba. Da tafin hannu, kamar uwa tana lallaɓa goyo."

Gizo ya shafa fatar, ya sake shafawa. Sai ya gane sautin. Shi ne wanda ya ji a kan tsamiya ya yi wa dariya. Ya ce a hankali, "Baba, ashe ba gajiya ba ce."

"Yi shiru, kaɗa."

Ɓauna ta farko ta durƙusa. Ta biyu ta bi ta. Haka, haka, har ya rage Sarkin Ɓauna kaɗai a tsaye, yana huci. Tsagar fatar ta kusa kai gefe. Gizo ya shafa sau ɗaya. Ya jira. Ya sake shafawa. Sarkin Ɓauna ya lanƙwasa gwiwa, ya kwanta, ya lumshe ido.

Fatar ta ce ɓarak, ta rabe biyu.

Ba wanda ya motsa. Can Sarkin Ɓauna ya buɗe ido, ga shi fari tas. Ya dubi Gizo, ya dubi kan Damo a bakin rami. Ya ce, "Sarkin Kiɗa, ashe ka sami sauƙi. Wa za a ba zumar?"

Gizo ko hannu ba ya iya ɗagawa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, a kai gidan malamina."

Washegari tun kafin hantsi Gizo yana ƙofar Damo. Ya ɗauki ganga ya bi shi gindin tsamiya, ya zauna a ƙasa. Ƙanshin ɗanwaken Ƙoƙi ya zo ya wuce, bai tashi ba sai da Damo ya rufe ganga.

Tun daga ranar ƙafafun Gizo suka lanƙwashe, ba su sake miƙewa ba. Shi ya sa kuma kuke ganinsa a kusurwar ɗaki, shiru, ba ya motsi. Saurare yake yi, yana jira a kai ƙarshe.

To, jikokina, baiwa ta Allah ce, ba mai ƙwace wa wanda aka ba. Amma kunne abin da ya yi masa daɗi yake ɗauka, ya bar sauran, kuma sau da yawa a cikin sauran nan rai yake. Wanda ya koya wa kansa, ya yi ƙoƙari. Amma sai ya je ya durƙusa gaban wanda ya riga shi, ya tambayi ɗaya ƙofar. Kada ku ɗora kiɗan da ba ku san yadda ake sauke shi ba.

Ƙungurus kan kusu. Ba don kan kusu ya yi ƙanƙanta ba, da na ɗaure masa fata na yi muku ganga.